Sunan da Inna Kande Ba Ta Faɗa Ba

Kwanan baya samarin da ke koyon waƙar taro a Mayahi suka aiko da babur a ɗauko ni, wai in sa musu albarka a ƙarshen sitaj ɗinsu, wato horon da suka yi na kwana uku. Kwana uku. Na je, aka ba ni kujerar roba da ruwan leda, na zauna ina kallon wani mai gilashi yana kaɗa hannu a gabansu kamar mai korar ƙuda a kan nama. Da aka tashi shan iska na ji ɗaya yana tambayar abokinsa ko wannan tsohon me ya yi a duniya. Aka ce masa shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da koral, wato waƙar taro, a ƙauyuka. Ya ce ashe na ci banza, ai aikin ɗaga hannu ne da saukewa. Na ci gaba da taunar biskit ɗinsu.

Daga nan gardama ta kaure a kan waƙoƙin marigayi Mushe Alkasum (Mushe muke ce wa malamin boko, da Faransanci), wanda muke kira Mai Murya Huɗu. Rabinsu suka ce kayan da ne, zaƙi ya yi musu yawa. Rabi suka ce har gobe babu waƙar da ke cika fili kamar tasa. Abu ɗaya kawai suka yarda da shi gaba ɗaya, wato shirun nan na bugu huɗu da ke ƙarshen "Zakarun Gona". Mai gilashi ya ce nan ne basirar mutumin ta fito, wai shirun manomi ne yana duban gabas yana jiran hadari. Saura kaɗan biskit ya shaƙe ni. Ni na san inda shirun nan ya fito, don ranar da aka haife shi ina tsaye a gabansa da hannu a sama.

Ni ba ɗan boko ba ne sosai. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar bokon Tasawa, aka ce kaina ya cika, na dawo gida. Shekarun farko bayan samun 'yancin kai ina ɗinkin buhu a wurin awon gyaɗa na Mayahi, daga ni sai basilla da igiya, ina ɗinki ina rera abin da ya zo bakina. Wata rana wani dogon mutum ya tsaya a kaina, ya ciro wani ɗan ƙarfe mai yatsa biyu daga aljihu, ya buga a gwiwarsa, ya kara mini a kunne, ya ce in yi irin kukan da nake ji. Na yi. Ya ce muryata ba ta da daɗi ko kaɗan, amma tana zama inda aka ajiye ta, kuma irinta yake nema. Shi ne Mushe Gambo, tsohon malamin lakwal da aka ɗauka yana zagaya ƙauyuka yana kafa ƙungiyoyin waƙa. A lokacin kowane gari yana son ya sami masu rera masa waƙa ranar bikin ƙasa da ranar buɗe awo, ana kuma haɗa su gasa bayan kaka.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne ya sha ɗauka. Akwai ƙarfen murya ɗin nan, wanda ya kira diyafazo, shi ke ba da muryar farko da kowa zai ɗora tasa a kai. Akwai allo baƙi da ake ɗaure wa keke a baya, in iska ta taso ya zama shi ke tuƙa ka. Akwai takardun waƙa bugun injin roneyo da ake aikowa daga Maraɗi, rubutunsu shuɗi, in gumi ya taɓa su sai ka koma gida da rabin waƙar a tafin hannu. Sai kwalbar zuma don maƙogwaro, wadda Mushe Gambo yake yi wa alama da alli saboda ni. Wata bakwai na yi ina ɗaukar allo, bai bar ni na ɗaga hannu a gaban mutane ko sau ɗaya ba. Aikina in zauna a bayan layi in gano wa ke motsa baki babu sauti, wa ke bin maƙwabcinsa, wa ya zo don an ce za a raba goro.

Ku da kuka tashi da rediyo ba za ku gane wuyar murya huɗu ba. Mutanenmu sun iya waƙa tun ba a haifi kakan Alkasum ba, amma waƙarmu zabiya ce take bayarwa, 'yan amshi su karɓa. In ka ce wa mutum ya rera tasa a daidai lokacin da wani ke rera wata dabam, ka sa shi rashin ladabi. A Gidan Amumune mun yi kwana biyar maza masu muryar ƙasa suna jira mata su gama kafin su fara. Da Mushe Gambo ya matsa musu, wani dattijo ya tashi ya ce shi ba a yi masa tarbiyyar katse wa mutum magana ba, ko da matarsa ce. Ga maigarin da zai kira ka zaure ya tambaya ina za a sa sunansa a cikin waƙar. Ga shugaban kwaferatif ɗin manoma mai murya irin ta kamyo, motar kaya, a kan tudu, wanda ba ya koruwa, sai dai ka tsayar da shi can ƙarshen layi ka ce masa a Yamai nan ne wurin manya.

Duk waƙoƙin da muke koyarwa na Mushe Alkasum ne, kuma Mushe Gambo ba ya ƙaunar ko ɗaya. Yakan ce shayi ne da aka zuba wa sukari sau biyu, duk tafiyarsu ɗaya, su fara a hankali, su hau, su ƙare kowa ya wangale baki. Malaman lakwal na Tasawa suna cewa waƙar Turawa ce ya sa mata hula. Makaɗa kuwa suka ce waƙar da ba a yi wa kowa kirari a cikinta ba darasi ce kawai. Ni ra'ayina bai canja ba tun lokacin. Mutumin ya san ƙirjin manomi. Ba ya rubuta layin da mace mai goyo ba za ta iya ja da numfashi ɗaya ba, kuma duk masu zaginsa, in ka bi bayansu a hanyar kasuwa, za ka ji suna gunguninsa ba su sani ba. Abin da bai sani ba shi ne cikin gida. Tun yana ɗan shekara bakwai aka kai shi lakwal ta kwana, ya girma a hannun malamai, bai zauna cikin mata ya ga yadda suke tafiyar da bakinsu ba.

Aikin da na fara yi ni kaɗai shi ne na Kanan-Bakashe, kuma kurkunu ne ya ba ni shi. Ya fito wa Mushe Gambo a idon sawu ana saura sati uku gasar Tasawa, gasar da Alkasum da kansa zai zo ya yi alƙalanci a kan sabuwar waƙarsa, "Zakarun Gona". Mushe Gambo ya kira ni yana kwance da ƙafa a kan turmi, ya miƙo mini ƙarfen murya. Ya ce aro ne. In mutanen Kanan-Bakashe suka rera waƙar yadda take a takarda, ƙarfen ya zama nawa, zai kuma kai sunana biro, wato ofis, a ɗauke ni aiki. In suka ba shi kunya a gaban mutumin da ya fi rainawa a duniya, in dawo masa da ƙarfensa in koma wa basillata. Ni kuwa na riga na gaya wa duk masu ɗinkin buhu cewa na bar su har abada, wasu ma na faɗa musu da gatse.

Mutum arba'in da biyu na samu a ƙarƙashin gawon kasuwa, mata ashirin da shida. Waƙar ba ta da wuya. Maza suna ƙasa suna ta "gyaɗa, gyaɗa" kamar masu daka, mata kuma suna jero sunayen manoma a sama, Abdu ya share, Isa ya shuka, Garba ya nome, Musa ya tone, haka har suna goma sha ɗaya. Dabarar Alkasum ce ya zaɓi sunayen da ke kowane gari, don kowa ya ji da shi ake. A ƙarshe mace ɗaya mai murya mafi tsayi ta tambaya, "Wa ya cika rumbun ƙasarmu?" ta kuma amsa da kanta, "Nomau," ta ja sunan bugu huɗu a can sama, sannan kowa ya faɗo da "barka da aiki".

Rana ta uku na fara jin ramuka. Ana zuwa Abdu sai murya ta ragu a dama. Ana zuwa Isa ta dawo a dama ta ɓace a tsakiya. A kan Musa kuwa kusan rabin matan suka yi tsit, suna duban ƙasa, sannan suka dawo da ƙarfinsu a kan "ya tone". Na ɗauka mantuwa ce, na maimaita musu sau goma. Na ɗauka numfashi ne, na sa su suka yi ta hura tafin hannu. Na raba zuma har alamar alli ta bar ni a baya. Da na gaji sai na yi abin da sabon ma'aikaci yake yi, na fara faɗa.

Wata dattijuwa ce ta bari na gama sannan ta yi magana. Inna Kande sunanta, mai sai da daddawa, gajera, ita ce mai muryar saman nan da na ware wa ƙarshen waƙar.

"Mushe, kai ba cikin gida anka haihe ka ba? Abdun ga da kaka son wagga ta hwaɗi, mijinta na. Isa ɗan hwarin waccan na. Musa kuwa surukin rabin garin ga na. Mi kaka so su yi?"

Uwata har ta rasu ba ta taɓa faɗin sunan ubana ba, ba ta taɓa faɗin na yayana ba, kuma ni da kaina na sha kai saƙon "ka ce wa mai gidan nan". Amma takarda ta zo daga Maraɗi da tambari, sai na manta gidan da na fito.

Nan sana'ar ta koya mini abin da babu shi a allo. Dole in san sunan da kowace mace ba ta faɗa, kuma ba za ka tambaye ta ba, don ba za ta faɗa ba. Sai ka tambayi ta kusa da ita, ita ma in ba surukinta ba ne. Kwana biyu na yi ina bin gida gida da guntun takarda, har aka fara cewa sabon mushen nan mai rubuta haraji ne. Da na gama na sake jera su. Duk wadda za ta yi shiru a kan Abdu na sa ta tsakanin biyu da Abdu ba kowansu ba ne, na ce su ƙara ƙarfi a wurin. Masu kunyar Musa na warwatsa su cikin layi kamar gishiri a miya. Ramukan suka cike sarai. Ana saura kwana takwas wata bazawara a layin gaba ta ɗaura aure da wani Garba, na sake lissafin layi biyu, na kuma roƙi sauran zawarawan su yi wa Allah su dakata sai bayan gasa.

Saura suna ɗaya, kuma shi ba a rufe shi da maƙwabta, don mace ɗaya ce ke rera shi. A duk kwanakin nan in mun iso ƙarshe Inna Kande takan yi tambayar, muryarta ta hau ta tsaya cak a inda ƙarfen ya ce, sai ta gyara zane ta ce a ajiye sauran sai ranar. Na ɗauka tattalin maƙogwaro take yi. Da na duba takardata ta sunaye na ga abin da na rubuta da hannuna ban kula ba. Mijinta Nomau ne.

Na je gidansu da hantsi. Na yi sallama, ta leƙo, ta juya cikin gida ta ce, "Ga baƙo nan yana neman…" sai ta yi shiru. Daga bayan rumbu na ji an ce, "Na'am." Wani tsoho ya fito da igiyar da yake tufka. Sauran mata suna da abin da suke kiran mazansu, maigida, ko malam, ko mai sunan wane. Ita ba ta da komai sai wannan ɗan shirun. Kunnen Baba Nomau ya yi nauyi, in kai ne ka kira sunansa sai ka yi sau uku, amma inda muryar matarsa ta yanke bai taɓa wuce shi ba. Na gani da idona, ban ɗauke shi a bakin komai ba, don hankalina yana kan basilla.

Na yi masa bayani da ƙarfi a kunne. Ya yi dariya har ya zauna a kan turmi.

"Ni na yarda, ɗana. Ta hwaɗi. Shekara arba'in ban ji yadda shika hita bakinta ba, ni ma ina son in jiya."

Na juya wurinta da murna, na ce to ga shi mai sunan ya ba da izini. Ta dube ni kamar na zo sayen daddawa da dutse.

"Kunyar tashi ta, da za shi bayar? Tawa ta."

Na gwada duk wata dabara. Na ce ba mijinta ake nufi ba, Nomau na takarda ne. Ta ce ita ba ta san Nomau biyu ba, sai dai ba da wannan lafazin ta faɗa ba, "shi" ta ce. Na gwada sauran matan ɗaya bayan ɗaya a kan muryar saman. Wata Hawa ce kawai ta kusa kaiwa, ita ma in ta kai sai karnukan kasuwa su amsa. Na tsayar da ita a bayan Inna Kande, na ce da zarar an gama tambaya ta cafke sunan, ko yaya ya fito. Ita Inna abin da na samu daga bakinta shi ne za ta yi abin da ya kamata. Kafin mu tashi labari ya gama gari, har masu awo suna ta musu a kan za ta faɗa ko ba za ta faɗa ba, mutanen da ba su taɓa damuwa da waƙa ba suka ce da su za a je.

A bayan kamyon gyaɗa muka tafi Tasawa, a kan buhuna, Baba Nomau yana tsakiya da sabuwar hula. Da muka sauka na nemi Mushe Alkasum a farfajiyar lakwal inda aka sauke shi. Ɗan ƙaramin mutum ne mai kwat, da alƙaluma uku a aljihu. Na durƙusa na roƙe shi ya bari in sa wani suna a ƙarshe, Tanko ko Labo, duk wanda ya ga dama. Ya ce faufau, da Faransanci, "jame", sau biyu. Ya ce wata uku ya yi yana neman sunan da zai buɗe baki daidai a wannan muryar, kuma bara ya fitar da wata ƙungiya daga gasa don sun canja masa kalma ɗaya. Na fito na tarar da Hawa a bakin kasuwa ta ci ƙuli-ƙuli da yaji ta bi da ruwan randa. Da ta gaishe ni muryarta kamar ana jan buhu a ƙasa.

Bayan la'asar aka kira mu, mu ne na biyar. Filin ya cika. Alƙalai suna kan tebur a inuwa, an kawo Mushe Gambo a kan jaki an zaunar da shi kusa da su da ƙafa a naɗe. Na buga ƙarfen a gwiwa. Maza suka ɗauki "gyaɗa, gyaɗa". Abdu ya wuce lafiya, Isa ya wuce, Garba ya wuce, amarya ta sunkuyar da kai maƙwabtanta suka ɗauke mata. Musa ya fito a cike kamar ba surukin kowa ba. Na saci kallon Alkasum na ga yana kaɗa alƙalami. Sai Inna Kande ta matso taki ɗaya, ta tambayi wa ya cika rumbun ƙasarmu. Ban taɓa jin muryarta ta yi kyau haka ba. Ta hau, ta kai, ta rufe bakinta.

Hannuna yana sama, kuma hannu in ya saba ba ya jiran mai shi. Ya buga ɗaya, babu kowa. Hawa ta buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ya buga biyu. Filin nan duka ya yi tsit, don mutanen Kanan-Bakashe sun riga sun rarraba labarin. Ya buga uku, na fara ganin basillata da igiya da fuskokin waɗanda na yi wa gatse. A kan na huɗu, daga can cikin jama'a, wani tsoho mai sabuwar hula ya miƙe tsaye.

"Na'am."

Hannuna ya sauka, mutum arba'in da biyu suka faɗo da "barka da aiki" daidai wurinsa, don abin da na yi sati uku ina cusa musu ke nan. Filin ya fashe. Mata suna guɗa, maza suna dariya har da riƙe ciki, Baba Nomau yana waige-waige yana tambayar me take so. Inna Kande ta koma layinta ta gyara zane.

Wani gardi mai tsaron fili ya zo ya ce Alkasum yana kirana. Na tafi da ƙarfen a hannu, don in miƙa wa mai shi a hanya in huta. Alkasum bai dube ni ba, yana rubutu a kan takardar waƙar. Ya tambaya wa ya shirya wannan. Na ce wallahi babu wanda ya shirya. Ya tambaya me ya hana matar faɗin sunan, na gaya masa. Ya daɗe yana juya alƙalami, sannan ya ce uwarsa ma haka take yi, ya manta. Ya ce tsohon ya ɗan yi sauri da rabin bugu, in gyara. Na biyu muka zo, don a cewarsa doka doka ce, an bar kalma. Mushe Gambo ya karɓi ƙarfen ya jujjuya, ya ce na bar shi ya yi datti, in goge shi in riƙa kula da kayana. Ya ƙara da cewa yau ce rana ta farko da ya ji wani abu mai kyau a waƙar Alkasum, shi ma wurin da ba a rera ba ne.

Da kaka ta zagayo sabbin takardu suka zo daga Maraɗi. An cire Nomau, an sa alamar shiru na bugu huɗu. An ce Alkasum ya gwada sa wani ya riƙa cewa "na'am" daga cikin jama'a, abin ya fito kamar wasan yara, ya bari. Haka aka rera ta a rediyo, haka aka koya a lakwal, kuma malaman nan da ke cewa ya sa wa waƙar Turawa hula su ne suka fara bayanin zurfin shirun. Ban taɓa jin haushinsa ba. Wani alƙalin da korarmu zai yi. Shi ya ji abu ya fi nasa, ya ɗauki alƙalami ya soke nasa, kuma a sana'ar nan ban ga mutum biyar da za su iya haka ba.

Na yi shekaru ina zagaye tsakanin Mayahi da Tasawa da kekena, ko'ina na sauka takardar sunaye nake fara cikawa kafin in buga ƙarfe. Sai shekarar da ruwa ya ɗauke, gyaɗa ta ƙi, gero ya bushe a tsaye. Aka rufe awo, aka daina aiko takardu. Mai jin yunwa ba ya riƙe murya ɗaya, balle huɗu. Na sai da keken, allon ya zama ƙyauren akurkin da babu kaji a ciki. Ƙarfen ne kawai ya tsira, don na kai shi kasuwa babu wanda ya san amfaninsa. Na koma wa basilla a Maraɗi, ina ɗinke buhunan hatsin taimako, ba wanda ya yi mini gatse don kowa ta kansa yake yi.

Sai da damina biyu suka yi kyau aka sake kirana Kanan-Bakashe, na je a ƙasa. Mutum goma sha tara na samu a ƙarƙashin gawon. Na ciro tsohuwar takardar sunaye don in jera su, na ga yawancin mazan da ke ciki wasu sun yi kudu ba su dawo ba, wasu suna maƙabarta. Matan kuwa ba su fasa shiru a kan sunayen ba. Inna Kande tana nan, ta ƙara ƙanƙancewa. Tun a hanya aka gaya mini Baba Nomau ya rasu a shekarar yunwar, na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta ce a fara don rana tana yi.

Muka rera har ƙarshe. Ta matso takinta ɗaya, ta yi tambayar, muryar ta ɗan girgiza amma ta kai. Ta rufe baki. Na buga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai hannun nan da bai taɓa jirana ba ya ƙi sauka. Tausayi ne ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na tsaya da shi a sama, mutum goma sha takwas suna jirana da numfashi a ƙirji, ba abin da ake ji sai ƙarar gugan rijiya daga nesa. Ban san bugu nawa ya wuce ba kafin na sauke, "barka da aiki" ta fito a warwatse.

Da aka tashi ta naɗe tabarmarta, ta zo ta tsaya a gabana.

"Mushe, ka riƙe hannu da yawa. Bai taɓa daɗewa hakanga bai amsa ba."

Ranar nan a Mayahi, da za a mai da ni gida, mai gilashin ya biyo ni har bakin babur ya tambaya ko ina da wata shawara a kan shirun. Na ce ya ƙirga huɗu ya sauke hannu, kada ya ƙara ko rabi. Ya rubuta a wayarsa.